An kira ni aiki wurin 'yan gudun hijira, dangi kuma sun ce na zama mai kai mutane Kanada

'Yar Maradi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya taɓa aiki da 'yan gudun hijira, musamman ɓangaren sake tsugunar da su a wata ƙasa. Na gama karatu a jami'ar nan ta Maradi, na yi ta ajiye takardu shiru, sai makon jiya wata ƙungiya ta kira ni ganawa. Aikin shi ne taimaka wa masu haɗa dosiye a ƙauyukan da aka zaunar da mutanen da suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, wato Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Abu biyu ke damuna. Na farko, ban san ainihin yadda aikin yake ba, kada in je in yi ta zare ido gaban masu tambaya. Na biyun shi ya hana ni barci. Ƙanwar mahaifiyata da 'ya'yanta suna Cadakori tun da 'yan bindiga suka tashe su daga wani ƙauye na gefen Sabon Birni. Ko ganawar ban je ba, labari ya riga ni isa can cewa na samu aikin masu kai mutane Kanada. Jiya babban ɗanta ya kira ni ya ce in fara da sunansu, wai dama akwai wani da ya ce su ba shi jika 150 ya sa su a layi, to tunda ga ni, kuɗin sun huta. Na rasa abin da zan ce masa. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, ko da ba daɗi.

Tanti Damagaram:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin komai, ki kira ɗan'uwan nan naki yau ɗin nan ki ce kada su ba kowa ko dala. Babu layin da ake saye. Duk abin da ya shafi rajista da katin ɗan gudun hijira da sake tsugunarwa kyauta ne, kuma wanda aka kama ya biya kuɗi ko ya kawo takardar bogi, dosiyensa ne ke lalacewa, shi kuwa mai karɓar jikar ya yi gaba abinsa.

Na fara wannan aiki a Diffa a 2015, bayan mutanen Damasak da Malam Fatori sun tsallako kogin Komadugu, wasu a kwalekwale wasu da iyo. Bayan harin Bosso na 2016 kuwa, in kin bi babbar hanyar kwalta, hagu da dama rumfunan zana ne da leda iya ganinki. Ga kuma sansanin Sayam Forage can cikin rairayi. Yawancinsu Barebari ne, amma Hausa ce ke haɗa mu da su. Daga baya na koma Yamai, na yi aiki da waɗanda ake kwasowa daga gidajen tsare mutane na Libiya. Wannan shiri a watan Nuwamban 2017 aka fara shi, ana sauke su a Nijar su jira wata ƙasa ta ɗauke su, aka kuma yi musu mazauni a Hamdallaye. 'Yan Eritiriya ne da Somaliya da Habasha da Sudan galibi. To ina ba ki labarin abin da na zauna na gani ne.

Ki fara riƙe wannan lissafi, don shi za ki yi ta maimaita wa mutane. A ƙarshen 2024, waɗanda yaƙi da zalunci suka raba da gidajensu a duniya sun haura miliyan 120. Cikin waɗanda suka tsallake iyaka suka zama 'yan gudun hijira, wanda ake sake tsugunarwa a shekara bai kai 1 cikin 100 ba. Ƙofa ce kam, amma irin ta rumbu. Kuma ba a neman ta da takarda. Mutum ba ya zuwa biro ya ce na zo cike fam ɗin Kanada. HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ita ke duba waɗanda zamansu a ƙasar da suka fake ya gagara: wanda har nan ɗin ana bin ransa, wanda aka azabtar, macen da ba ta da mai tsaya mata kuma tana cikin haɗari, yaron da ke cikin haɗari, mai ciwon da ba a iya maganinsa a nan, wanda iyalinsa na kusa suka riga shi tafiya. Ita ma HCR miƙawa kawai take yi. Ƙasar da za ta karɓa ita ke cewa e ko a'a, bayan nata tambayoyin da binciken tsaro da gwajin likita, kuma abin yana cin shekaru. Ke da za ki shiga a matsayin mataimakiya, ba ki da ikon sa sunan kowa. Shugabarki ma ba ta da shi.

Aikin da kansa zama ne da sauraro. Ɗaki ƙarami, tebur, kwamfuta, ruwa a gora, da mutumin da za ki sa ya sake bi ta ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarsa, dalla-dalla, wa ya fara shigowa, ta wace ƙofa, da wace irin mota. Sai kuma wahalar kwanan wata. Ki tambayi tsohuwa yaushe aka haife ta, ta ce shekarar da aka yi fara. Shi ya sa za ki ga rabin ƙauye an rubuta musu 1 ga Janairu. Abin dariya ne har sai ranar da jami'in wata ƙasa ya ga an rubuta ɗa ya girmi uwarsa da wata uku, ya mayar da dosiyen. Saboda haka ki zama mai naci wurin rubuta sunaye da dangantaka. Mu nan kowa “ƙanena” ne, kowa “ɗiyata” ce, kamar yadda nake kiran ki yanzu. A takarda kuwa sai an bambance wadda aka haifa da wadda ake riƙo. Yarinyar riƙo ba a hana ta tafiya, amma sai an yi bincike na musamman a kan abin da ya fi mata alheri, a nemi iyayenta in suna raye. In aka ɓoye tun farko aka ce 'yar cikinta ce, daga baya gwajin jini ya nuna ba haka ba, gidan gaba ɗaya ke shiga matsala.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne wani tela daga wajen Damasak. Mata biyu gare shi, yara takwas, kuma ɗan amaryar yana da ciwon zuciya irin wanda sai an yi masa aiki a waje. Ta fuskar ciwon, dosiyensa mai ƙarfi ne. Sai dai ƙasashen da ke karɓa ba su yarda da auren mace fiye da ɗaya ba, ba za su ba shi biza da mata biyu ba. Ni aka bar wa bayanin. Na yi shi a hankali, da su ukun a zaune bisa tabarma ɗaya. Ya cire hularsa ya riƙe, ya dube ni ya ce, “To Malama, wace zan bari?” Ba wanda ya amsa. Can uwargidan ta gyara lulluɓinta ta ce ya tafi da amarya tunda ɗanta ne ba lafiya, ita ta zauna da nata biyar ɗin. Ba da fushi ta faɗa ba, kamar mai rabon tuwo. Aka raba su aka ji ta bakin kowace ita kaɗai, don haka ƙa'ida take, kada a ce an tilasta wa wata. Daga ƙarshe shi ne ya ƙi. Ya ce matar da ta goyo masa yara biyu ta tsallake kogi da su cikin dare, ba zai hau jirgi ya bar ta a rumfar leda ba. Wasu abokan aikina sun ga wautarsa, suka ce ya sayar da lafiyar yaro. Ni har yau ban iya ganin laifinsa ba, ban kuma iya ganin laifin masu faɗin hakan ba.

Sai gargaɗi guda. Za ki ji tausayi ya kama ki, ki so ki ce wa mace “ƙara kaza a labarinki, zai fi ƙarfi.” Kada ki soma. Za a sake yi mata tambayoyin nan bayan shekara ɗaya ko biyu, a bakin wani jami'in da bai san ki ba, kuma labarin da aka ƙara wa gishiri ba ya dawowa daidai. Abin da ya faru da mutanen nan ya isa haka nan. Rubuta shi yadda aka faɗe shi.

Batun innarki kuwa, ki faɗa da bakinki a wurin ganawar cewa kina da dangi a Cadakori. Ba zai hana a ɗauke ki ba, sai dai a nisanta ki da dosiyensu, kuma hakan kariya ce gare ki. Su kuma ki je da ƙafarki ki gaya musu, ba ta waya ba. Za su ji haushi. Za a ce kin samu wuri kin manta da naki. Gara wannan haushin da a ce sun sayar da 'yan awakin da suka rage musu suna jiran jirgi.

Baban Yasmin, Ohio:

Hajiya ta gama magana, Allah ya saka. Ni bari in ba ki labarin ɗaya bakin, ƙanwata, don in sun tambaye ki “can ɗin yaya yake” ki samu abin faɗa.

Na yi aiki da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke tarbar su a nan Kolombos ta Amurka, garin da ke cike da 'yan Somaliya da 'yan Butan masu jin harshen Nepal, waɗanda yawancinsu ta wannan hanya suka zo. Mu ke zuwa filin jirgi da tsakar dare da rigunan sanyi. Mun riga mun kama haya, mun sa katifa da tukwane da abinci a firji. Washegari a fara koyarwa: yadda ake kunna murhu, yadda ake hawa bas, lambar da ake kira in gobara ta tashi, da cewa ba a barin yara su kaɗai a gida a tafi kasuwa. Tallafin farko na kwana 90 ne. Kuɗin jirgin ma bashi ne, hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ke biya, mutum ya rinƙa mayarwa kaɗan-kaɗan ba ruwa. Bayan shekara ya nemi katin zama na dindindin, bayan biyar ya iya neman zama ɗan ƙasa.

Kwana 90 ba komai ba ne ga wanda bai taɓa jin Turanci ba. Na kai malamin makarantar sakandare daga Kwango wurin aikin ɗaura kwalaye a sito, tsaye tun dare har asuba, yana yi mini godiya. Yara su ke fara kama harshe, sai ka ga 'yar shekara 10 ita ke yi wa ubanta tafinta gaban likita, girman gida ya juye. Tsofaffi kuwa kaɗaici ke cin su. Wata tsohuwa 'yar Darfur ta ce mini a sansanin Chadi ko ba abinci akwai mai yi maka sallama.

Yanzu kuma ƙofar ta nan kusan a rufe take. A shekarar kuɗi ta 2024 Amurka ta karɓi wajen mutum dubu 100. Da Trump ya dawo a Janairun 2025, ya sa hannu aka dakatar da shirin. Akwai waɗanda an gama musu komai, an ba su ranar tashi, sun raba kayansu, aka soke jirgin. Gwajin likita kuma yana da wa'adi, in ya wuce sai an sake. Ofishinmu an sallami fiye da rabinmu, har da ni, yanzu tuƙi nake yi. Don haka duk mai cewa zai kai wani Amurka ta hanyar gudun hijira a wannan lokaci, ɓarawo ne kawai.

Ɗan Gusau:

Ni fa abin nan yana ba ni mamaki. Ana ta maganar Kanada da Amurka, alhali a nan Gusau mutanen da aka kora daga ƙauyukan Anka da Maru da Tsafe suna kwana a kangaye da tashar mota, matansu na bara a bakin titi. Wa ya ba su kati? Wa ya buɗe musu dosiye? A Maiduguri ma tun 2021 gwamnati ta shiga rufe sansanoni tana cewa kowa ya koma. Wato sai ka tsallaka Nijar kafin ka zama mutum? Ku yi haƙuri, amma ni ina ganin harkar ƙungiyoyin nan cin abinci ce kawai, manyan motoci da taro a otal.

Tanti Damagaram:

Malam na Gusau, rabin maganarka ba ni da abin musawa. Wa da ƙane, ƙauye ɗaya, dare ɗaya aka kore su. Wan ya yi arewa ya shiga Gidan Rumji, ƙanen ya yi kudu ya shiga Gusau. Na farkon yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira da ta ƙasashen Afirka ta 1969, wadda ta faɗaɗa abin har ya haɗa da wanda rikici ya kora ko da ba shi aka nufa ba. Na biyun yana hannun gwamnatinsa, ita ce da alhakinsa, kuma shi ba ya cikin masu sake tsugunarwa ko kusa. An yi yarjejeniyar Kampala a 2009 domin irinsa, Najeriya da Nijar duk sun amince da ita, amma ka fi ni sanin abin da ya iso tashar motar Gusau daga cikinta. Kuma irinsa su suka fi yawa a duniya, sun fi waɗanda suka tsallake iyaka nesa ba kusa ba.

Motoci da otal ma na gani, sun kuma ba ni haushi. Sai dai kada ka ɗauka wanda ya tsallako yana cikin daula. Na ga watannin da aka rage rabon hatsi saboda kuɗi bai zo ba, mu ke tsayawa gaban mata mu faɗa musu. Sansanin Minawao na Kamaru tun 2013 yake, yaran da aka haifa can sun isa shiga sakandare ba su taɓa ganin Gwoza ko Banki ba. Sansanonin Dadaab da Kakuma na Kenya sun haura shekara 30. Kuma wajen kashi biyu bisa uku na 'yan gudun hijirar duniya a ƙasashe maƙwabta suke zaune, ba Turai ba. A yankin Maradi a 2019, kafin motar kowace ƙungiya ta iso, talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne suka buɗe rumbunansu, gida mai mutum 8 ya koma mai 20. Su ba wanda ya kira su taro a otal.

Ɗan Mai Wurno:

Gaisuwa daga Sudan. Mu kakanninmu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka taso, da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa ya jawo jama'a har bakin kogin Nilu suka kafa garinmu. Mun tashi muna jin wannan a matsayin tarihi. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, sannan dakarun RSF masu yaƙar sojojin gwamnati suka shiga Sinja a 2024, sai ga mu da ƙunshin kaya a ka muna neman hanyar Gadarif. Mutanen Darfur kuma sama da dubu 700 sun shiga Chadi, yawanci ta Adre. 'Yar'uwa ki karɓi aikin. Abin da na roƙe ki, in mutum ya zo gabanki ki fara ba shi wurin zama ki gaishe shi kafin ki tambayi lambar katinsa. Mun sha tsayuwa a rana gaban yaran da ba su kai 'ya'yanmu ba, ko ɗaga kai ba sa yi.

'Yar Maradi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Mai Wurno, Allah ya kawo muku sauƙi, na riƙe. Tanti, na kira shi, ashe har sun ba mutumin jika 20 na somin-taɓi, kuma tun shekaranjiya wayarsa a kashe. Ranar Asabar zan shiga Cadakori in ga inna. Tambaya ta ƙarshe: a takardar sun rubuta kwangilar wata shida ce. Haka aka saba, ko in yi ƙorafi?

Tanti Damagaram:

Haka aka saba, yanzu ma har ta wata uku ana bayarwa. Tun da aka zabge kuɗin agaji a 2025, HCR kanta ta rage dubban ma'aikata, balle ƙananan ƙungiyoyin da ke cin albarkacinta. Kada ki yi ƙorafin tsawon kwangila, ba su da amsa. Ki tambayi abin da ke da amsa: wa ke biyan kuɗin mota zuwa ƙauyukan, akwai inshorar lafiya, ƙarfe nawa ake barin wurin don hanyar ba ta son yamma, kuma akwai wanda ma'aikata ke zama da shi su sauke abin da suka ji. Wannan na ƙarshen ki matsa a kansa, don za ki buƙace shi tun watan farko. In kina da wata sana'a ta hannu kada ki sake ta.

Jika 20 ɗin kuma su kai ƙara. A ƙauyukan akwai akwatin ƙorafi da ma'aikatan kariya, ba sai sun bi ta wurinki ba. Su faɗi kamanninsa da lambar da ya kira su da ita, don da wuya a ce su kaɗai ya karɓar wa.